Bashin Tulu

Daga Kaltungo hanya ta fara miƙewa tsaye.
Lamela mai babur ya ce, "Riƙe ni da kyau, Malam,
dutsen nan ba ya shiri da mai girman kai."
Na riƙe shi.
Gombe ta zame ta bayan ƙeyata.

Gonaki hawa-hawa, kamar an yi wa dutse kitso,
kowane layi da jerin duwatsunsa,
hannu ya ɗora, hannu ya gada.
Dawa ta sunkuya don nauyin kanta.
Riɗi na shan rana a jingine.

Abu ɗaya na zo da shi, ba a jaka ba:
Tula Baule.
Sau biyu Inna ta furta shi a gabana,
na biyun a gadon asibiti,
kuma ba da ni take magana ba.

A bakin gari akwai coci ta jan laka,
ƙararrawarta tsohon ƙarfen ƙafar mota
rataye a reshen tsamiya.
Taku arba'in, ga masallaci, sahu biyu ya cika shi,
butoci uku, ɗaya ta fashe an ɗaure da roba.
Rijiya na tsakani.
Na tambayi yaro gugan na wa ne.
Ya dube ni kamar na tambayi mai ruwan sama.

Can sama, inda itatuwa suka haɗa kai,
wani tsoho ya gitta sandarsa a gabana.
"Iyakarka ke nan, baƙo."
Na hango tukwane a kife, gashin kaza a jikin dutse,
da inuwa mai sanyi irin ta randa.
Na yi ta'awwuzi a zuci, ya gani a fuskata.
Ya ce, "Ba mu ce ka yarda ba.
Ka dai rage murya. Kakannin wasu na barci."
Ban san da na rage ba.

Sai kasuwa.
Gauta, gujiya, zuma a kwalbar magani,
muruci mai tururi, akuya na gardama da igiya,
ƙamshin tsami daga rumfunan baya
inda ban leƙa ba, ban kuma tsine ba.
Harshe na zuba ta ko'ina kamar tsakuwa a ƙwarya,
ko ƙwaya ɗaya ban tsinta ba.

Na tsuguna gaban mai daddawa,
na gutsura, na shinshina, na murza da babban yatsa.
Tsohuwar ta bar ƙirgen canji.
Ta kira wani suna
mai gaɓa uku, wanda ban taɓa ji ba,
ta sake kira, tana kallon wushiryata.
Na ce, "Uwata Asabe ce."
Ta ce, "A wurinku."

Briskila sunanta. Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Ta fasa min tulu a hanyar rafi,
ta ce gobe za ta biya.
Goben ce motar Gombe ta zo.
Shekara hamsin da biyu. Kai ta aiko?"

Na sayi tulu, mafi girma a layin magina,
ban taya ba.
Ta ƙwanƙwasa shi, ta kara kunne,
ta ce ya biya.
Sannan ta tura min shi da ƙafa:
"Ni yanzu jarka nake ɗauka. Tafi da shi.
Gidan da babu tulu, me za ku fasa ku dawo?"

Da la'asar muka gangaro,
tulu tsakanina da bayan Lamela.
Iska na shiga bakinsa tana fita,
yana ta gunaguni har Kaltungo
da wani yare da ban iya ba.
Sunan nan mai gaɓa uku kuwa
ina ta juya shi a baki kada ya faɗi,
har na ciji harshe a wani gargada.